Kunnen Baba da Ƙoƙon Kava

Neiafu, Vava'u

Zuwa ga yayata Lesieli,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida. Ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya sassauta muku sanyin Auckland. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har ta koma saƙar tabarma.

Yaya, godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami, don ba ki san abin da na'urar jin nan da kika aiko ta ceto ba. Wata Lahadi a zaman da dattawa ke yi na shan kava, abin shan nan namu na gargajiya, kafin shiga coci, mai rabon kava ya kira sunan Baba. Kowa na jiran ya tafa kamar yadda aka saba a kai masa ƙoƙonsa, shi kuwa bawan Allah ya zuba wa tabarma ido. Aka sake kira, shiru. Wani mara kunya ya tuntsire da dariya. Baba ya dawo ya ce shi da zaman nan har abada, ba zai tsufa ana yi masa dariya ba. Da na'urar ta iso kuwa, ya ce ba mai cusa masa ƙwaro a kunne. Mu 'ya'yansa ba mu isa mu taɓa kansa ba, balle mu tilasta shi.

Sai na garzaya wajen Gwaggo Seini, don kin san Baba ba ya musa wa yayarsa. Ta zauna a bakin ƙofa ta ɗaga murya har maƙwabta na ji, ta ce kurumta ba abin kunya ba ce, abin kunya shi ne tsoho da furfura yana fushi irin na yaron goye. Dole ya yarda, Inna ta saka masa na'urar yana ta gunaguni, wai yanzu har taunar aladun maƙwabcinmu Kelepi sai ya ji.

Lahadin da ta wuce ya koma zaman kava. Ina tsaye a waje ina kallo. Aka kira shi, ya tafa da ƙarfi har mai kai ƙoƙon ya razana. A hanyar gida ya ce in gaya miki Allah Ya yi miki albarka, duk shekarun nan ya ɗauka mutane ne suka daina kiransa. Yaya, ban iya riƙe hawaye ba.

Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Ki gaida maigida Alipate, da yara, su Meleane.

Ƙanenki,
Penisimani