Cukunka ne ya shanye batir

Fernand,

Da safe na murza makulli, motar da muke kwana a ciki, gidan namu mai taya, ko tari ba ta yi ba, batir ya mutu murus. Kana ta minshari, ni da Baptiste mai motar da ke kusa da tamu muka bi fis ɗin wutar motar muna zarewa ɗaya-ɗaya. Ashe ƙwan fitilar aljihun gaba ne ke ci tun Lahadi, don ka cusa cukun da likita ya hana ka a cikin aljihun, murfin ya ƙi rufuwa. Baptiste ya toshe hanci ya ce, "Inna, wannan sai jana'iza!"

Na tafi aron wayar jan wuta. Jirgin ruwan da zai tsallakar da mu da azahar zai tashi, in ya wuce babu mu a bikin jikarmu. Cukun ya narke kan tikitinmu na jirgin. Kankare a hankali, tsoho, kada ka lashe lambar.

Odile