Umma Ta Daina Jin Ciwon Ƙafa, Ni Kuma Na Kasa Murna

Assalamu alaikum Anti Rabi'a,

Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da kin ga ina ta zagaye-zagaye. Ni ba gwanar magana ba ce, a gida ma tsokanata ake yi wai sai an kasa kunne kafin a ji muryata. A rubuce kaɗai nake iya fitar da abin da ke raina. Don Allah kar ki sa sunana.

Shekarata goma sha bakwai, muna zaune a gidan haya a Kwamba, nan Suleja. Na gama sakandare ina jiran sakamako. Abu biyu na iya a duniya, karatun littattafan soyayya da zanen lalle. Duk unguwa an san hannuna ba ya rawa, kuma shi ya ja min wannan halin da nake ciki.

Ummanmu tana da ciwon suga tun ina ƙarama. 'Yan shekarun nan ya sauko mata ƙafafu. Takan ce kamar an zuba mata garwashi a tafin ƙafa, wani lokacin kamar ana tsira mata allurai, ga kumburi a idon sawu. Ko zanin rufa ba ta so ya taɓa wurin. A asibiti suka ce sugan ne ya taɓa jijiyoyi, suka ba ta ƙwayoyi, amma suna sa ta jiri, ciwon kuma bai tafi duka ba. Lalle ne kawai ke ɗan sanyaya mata. Sai in kwaɓa, in lafta mata, in ɗaure da leda, ta miƙe ƙafa a tabarma tana sa min albarka.

To akwai ɗan yayarta, bari in kira shi Ya Fakhru duk da ba sunansa ke nan ba. Yana aiki a wani gidan motsa jiki a Abuja, inda manyan mutane ke zuwa ɗaga ƙarfe. Bayan ƙaramar salla ya zo gaishe ta, ya tarar da ita tana hawaye tana fifita ƙafa da mafici. Wallahi shi ma sai da idonsa ya kawo ruwa. Da ya tashi dawowa sai ga shi da wasu 'yan kwalabe a cikin kula da ƙanƙara. Ya ce sunansu feftaid, da su masu zuwa wurinsu suke gyara jijiya da kumburi, har ya nuna mana bidiyon turawa suna ta yabo. Farin gari ne a ƙasan kwalba, a zuba masa wani ruwa, a ja da siririn sirinji, a yi a fatar ciki. Babu kwali, babu takardar bayani. A jikin kwalbar na ga an rubuta da Turanci cewa na bincike ne, ba don mutane ba. Ya ce haka ake rubutawa kawai saboda shigowa da kaya.

Sai maganar wanda zai riƙa yin allurar. Shi namiji ne, ba zai buɗe cikin ƙanwar uwarsa ba. Abbanmu daga sallar asuba yake bin motar Abuja, sai dare. Umma kuwa ko kallon allura ba ta iya yi. Sai Ya Fakhru ya juyo ya kalle ni, ya ce wadda ke zana fure a ɗan yatsan amarya ai wannan ba zai gagare ta ba. Ya koya min a jikin lemo. Tun ranar yake kirana Dakta.

Anti, nan ne nake jin kunyar rubutawa. Duk shekarun da yake zuwa gidanmu bai san ni da komai ba sai mai kawo ruwa. Yanzu yana kiran wayata ya tambayi jikin Umma, ya tambayi nawa. A littattafan da nake karantawa haka abin ke farawa, mutumin da bai taɓa ganinki ba rana ɗaya ya ɗago kai. Bai taɓa ce min komai ba fa, ko da wasa. Amma ni a cikin kaina har na zaɓi kalar labulen falonmu. Ki yi dariya in kin so, ni ma ina yi wa kaina.

Da muka ɗan kwana biyu muna yin allurar sai ciwon ya fara ja da baya, har Umma ta ce ba ta jin komai. Ta ajiye ƙwayoyin ƙafar, ta daina zuwa asibiti, maganin sugan ma sai in ta tuna take sha. Ta yi sadakar waina. Ta taka da ƙafarta har kasuwa. Gida ya cika da murna, Abba da ya fara gunaguni a kan maganin da ba na likita ba, shi ma ya yi shiru.

Makon jiya ta ce in yi mata ƙunshi saboda bikin da za mu je Garam. Da safe zan wanke mata, na juye ruwan zafi a roba, hankalina yana kan wani labari da nake karantawa a waya, na manta ban sirka ba. Ta tsoma ƙafafunta duka biyu tana ba ni labarin anko. Da na sa hannu sai da na yi ƙara na fizge, ruwan kamar na fige kaza. Ita ko gezau. Na yi maza na ciro ƙafafun na ce ruwan ne ya yi datti. Ina goge mata sai na ga wani rami a tafin ƙafar hagu, ƙasan babban yatsa, kamar girman wake, yana ɗan ruwa, yana ɗan wari. Lalle ya rine wurin, in ba ka kai ido kusa ba ba za ka gani ba. Na danna da tawul, ta ci gaba da zancen ankonta. Daga baya na faki idonta na tsikare ta da tsinken da nake zane da shi, yatsa bayan yatsa. Ko motsi.

Na yi ƙarfin hali na ce mata akwai ciwo a ƙasan ƙafarta. Ta ce ɗan abu ne ta taka, in ƙara lafta lalle zai busar da shi. Na lafta. Saman ƙafar ya yi ja ya ɗan tashi, ta ce ƙila lallen ne aka gauraya da wani abu.

Yanzu ga inda na maƙale. Labari ya bazu. Maman Tabita, malamar makaranta da ɗakinta ke kallon namu, tana fama da ciwon ƙugu mai sauka ƙafa, ta ce ita ma tana so. Wata mata ta zo a keke napep tun daga Tafa. Ranar Asabar Ya Fakhru zai kawo ƙarin kwalabe, kuma ni ce zan yi musu. In na gaya wa Abba, zai ce dama ya faɗa, rigima ta tashi tsakaninsa da dangin Umma, Ya Fakhru ya ji kunya ya ɗauke ƙafa, ya san ni ce sila. In na matsa wa Umma, na ƙwace mata farin cikin da ta daɗe ba ta samu ba. In na yi shiru kuma, kullum ina ganin ramin nan, ina rufe shi da hannuna. Ko littafi na buɗe sai in ga ina maimaita layi ɗaya. Kowa a tsakar gida yana ce min Dakta, ni kuwa ji nake kamar an kulle ni a ɗaki an tafi da makulli.

Anti, ni ce na kashe mata ƙafa da allurar nan? Yaya zan yi?

'Yarki mai lalle, Kwamba, Suleja

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata,

Mu fara da ƙafar, sauran duk za su iya jira. Umma tana bukatar ganin likita gobe da safe, ba bayan biki ba, ba bayan Asabar ba. Ga mai suga, ciwo ya ɗauke tare da jin taɓi da jin zafi ba sauƙi ba ne, alama ce jijiyoyin sun ƙara raunana. Miki a tafin ƙafar da ba ta ji yana iya cin ciki a ɓoye har ya kai ƙashi. In an tare shi da wuri ana samun nasara sosai, shi ya sa nake gaggauta ki. In kika ga zazzaɓi, ko ja da kumburi suna hawa sama, kar ku jira wayewar gari.

Kin tambaya ko ke ce kika jawo. Daga nan ba zan iya yanke abin da kwalbar ta yi ba, likita zai duba. Amma suga da aka yi sakaci da maganinsa shi kaɗai ya isa ya kai ƙafa nan. Ke yarinya ce da manyanki suka miƙa wa sirinji. Ki sauke wannan kayan daga kanki.

Zan yi wa maganin adalci. Feftaid suna ne na babban rukuni, insulin ɗin da masu suga ke yi ma a cikinsa yake. Waɗanda likita ke rubutawa an gwada su a kan mutane, an yi musu rajista. Irin waɗanda ke yawo a gidajen motsa jiki babu kwali kuwa, yawancinsu ba a gama gwada su a kan mutane ba, kuma ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kwalbar ko tsabtarsa. Rubutun da kika karanta a jiki, ki ɗauke shi yadda aka rubuta. Daga yau kar ki sake yi wa Umma, kuma kar ki taɓa Maman Tabita ko baƙuwar Tafa. Ku tafi da kwalba ɗaya asibiti, ku faɗi komai, har rage shan maganin suga da ruwan zafin.

Kafin nan, babu lalle a ƙafar, babu jiƙawa a ruwan zafi, babu tafiya ba takalmi. Ki rufe mikin da bandeji mai tsabta. Ki daina gwajin tsinke, kar ki buɗe wani ciwon.

Na san abin da ya fi miki wuya shi ne buɗe baki. To ba sai kin yi dogon bayani ba. Umma ba ta ganin tafin ƙafarta, shi ya sa take cewa ɗan abu ne. Ki wanke wurin da ruwan da kika gwada da hannunki, ki ɗauki hoto da waya, ki nuna mata. Abba ya dawo, ki nuna masa a gabanta, ki roƙe ta ta rufe ido, ya taɓa yatsun ƙafarta da hannunsa ya tambaye ta wanne ya taɓa. In murya ta ƙi fita, ki nuna masa farkon wannan amsar tawa. Zai yi faɗa, ƙila. Faɗan zai wuce. Maƙwabta kuma ki bar wa iyayenki su ba su haƙuri, ba aikinki ba ne.

Ki tausaya wa Umma in ta yi fushi. Wanda ya sha azaba shekaru ba ya son jin cewa sauƙinsa ba sauƙi ba ne. Ki tuna mata ta gaya wa likita ƙwayoyin suna sa ta jiri, akwai wasu da za a iya canza mata.

Ya Fakhru ba mugu ba ne, tausayi ne ya haɗu da rashin sani. Ki tura masa hoton kafin Asabar, ki ce kar ya kawo kwalaben. Maganar labule kuwa, ban yi dariya ba, na taɓa zama 'yar sha bakwai. Ki dai ninke shi ki ajiye tukuna, ki zuba ido. In ya ga hoton ya taho da sauri ya kai innarsa asibiti, kin san wani abu game da halinsa. In ya tsaya kare kwalabensa, nan ma kin san wani abu, kuma gara da kika sani yanzu.

Kina ta zargin hannunki, 'yata. Shi ne ya ji zafin ruwan da Umma ba ta ji ba, shi ya gano mikin da duk gidan ba wanda ya gani. Gobe ki riƙe nata da shi har ƙofar likita.

Allah Ya ba Umma lafiya mai ɗorewa, Ya ba ki ƙarfin zuciya da sakamako mai kyau.

Anti Rabi'a