Nazifi, Inna Ce Ke Gadin Gem Ɗinka Yanzu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Nazifi, a duk inda wannan saƙo ya same ka. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Faskari lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama yankan dawa, masara kam bana ba ta yi abin kirki ba. Inna tana wurina tun da ta baro Daudawa, ƙafar na ɗan taɓa ta amma da sauƙi.

Na rubuto a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani ne saboda layinka a kashe yake tun bayan ƙaramar salla. Biyu cikin waɗanda kuka tafi haƙar zinare ƙetaren iyaka tare sun dawo. Ɗaya ya ce ka yi gaba, ɗaya ya ce rabonsa da kai tun a tasha.

Ka tuna gem ɗin ƙwallon da ka cusa mini a waya? Ba don Allah ka sa mini ba, na sani, so kake ka riƙa aika wa kanka kyauta daga wayata. Ran nan na tashi goge shi don ya cinye mini wuri, sai na ce bari in buɗe sau ɗaya. Ashe akwai gefen abokai, kuma abokina ɗaya ne tal, kai. A ƙarƙashin sunanka yana nuna yaushe rabonka da shiga. Na nuna wa Inna, shi ke nan na ja wa kaina aiki.

Innar da ta taɓa ɓoye maka waya cikin tukunyar daddawa, tana faɗin "wanga abu shi za ya ƙarasa ka," yau ita ce ba ta karyawa sai an duba mata shi.

To gem ɗin naka kuwa mulki ne da shi. Ba ya buɗewa sai an sabunta shi, kuma bini-bini ya ce a sauke masa sabon kaya. Ka dai san sabis ɗinmu. A gidan nan wuri ɗaya yake kamawa, gindin darbejiyar bayan ɗakin girki. Nakan sa wayar a leda in rataye a reshe, Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙasa da carbinta. Ba ta san lamba ba, amma ta san layin nan mai cika a hankali idan ana sauke kayan fiye da ni. Idan ya tsaya ta sani. Idan ya kusa ƙarshe sabis ya ɗauke, abin ya koma farko, sai dai ta gyara zama.

Ta gano kira yana katse shi. Don haka ta aika wa Kawu na Sabuwa cewa kada ya ƙara kirana kafin azahar. Har yanzu fushi yake da ni, ya ɗauka ni na sa ta.

Makon jiya suka turo wani babba. Sai da na goge bidiyon bikina kaf kafin ya samu wuri. Muka wuni muna jira bai gama ba, washegari muka sake ratayewa. Bayan la'asar ya cika. Sunanka na nan, an rubuta ka shiga jiya. Inna ta yi sujada a kan tabarmar nan, ta sa aka soya ƙosai aka kai ƙofar masallaci.

Ni kuwa na ƙara dubawa. Sunan ƙungiyarka ya canza, ya koma wani Faransanci da ban iya karantawa ba. Na ce ƙila zaman can ne ya koya maka. Ana haka sai ga koren ɗigo gefen sunan, alamar ana ciki. Na tura gayyatar wasa, aka karɓa.

Nazifi, na ci. Har sau biyu. Ni da ban san maɓallin bugu da na gudu ba. Tun da kake, ko don tausayi ba ka taɓa barin na tsallake tsakiyar fili ba. Inna ta ga ƙwallo ta shiga raga ta yi dariya, ta ce ka bar mini ne, ka fara hankali. Na ce mata haka ne. Na shiga ɗakin girki na zauna har tuwo ya kama.

Idan sayar da wayar ka yi, babu komai, wallahi ba wanda zai yi maka faɗa. Ka ari ta wani ka kira, ko da ba za ka yi magana ba, ka yi tari kawai, Inna za ta gane. Ina kewarka, ɗan ƙanena, kuma tsoro nake ji. Ban san iya kwanakin da zan ci gaba da ce mata kai ne ba.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa kana da abin da za ka ci. Allah ya dawo mana da kai da ƙafarka tun Inna na da ƙarfin tashi ta tarbe ka. Amin.

Taka har kullum,
Yaya Rabi