Wandon da Yake Share Mana Falo

Zuwa ga maigidana, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, telan da ya ɗinke zuciyata bai bar ko silin zare a waje ba,

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin allurar kekenka, alhali shagonka da ɗakinmu bango ɗaya ne ya raba su. Laifinka ne. Duk sanda na buɗe baki na ce "ƙafarka", sai ka taka keken nan kamar ana binka da gudu, ka nuna mini kunne wai ba ka ji. To ga shi a rubuce, ka karanta kafin ka zura zare.

Ya hasken idona, masoyan duniya duk zuciya suke roƙo. Ni taka tana hannuna tun tuni, na adana ta. Ƙodarka nake roƙo yau, ta dama da ta hagu. Ina ka taɓa jin macen da ta zauna ta yi wa ƙoda wasiƙa? Ga inda sonka ya kai ni!

Ƙafafunka sun kumbura, maigida. Idon sawun nan da nake sata kallo in kana taka keke ya nutse, ko alamarsa babu. Kai kuma, da yake Allah ya ba ka basira, maimakon asibiti sai ka warware kalmasar wandonka ka sake shi ƙasa. Kumburi ya ƙaru, ka ƙara ƙyalle. Ya sake ƙaruwa, ka jona ragowar labulen wata mata, mai furanni. Yanzu in ka ratsa falo wandonka ne yake yin shara, tsintsiyata tana jingine tana hutu. Takalminka ka tsage bayansa da reza ka ce mini yayi ne. Da Yayarka ta zo ta ce ka yi ƙiba, ta yaba mini iya girki. Na karɓi yabon, don ba kullum take bayarwa ba. Amma wace irin ƙiba ce take farawa daga yatsu ta tsaya a gwiwa? Kuma kar ka manta ni nake wanke banɗakin nan. Kumfar da nake gani ba ta sabuluna ba ce.

Na san abin da kake tsoro. Maganin nan da ya kashe maka muryoyin da suke magana a kanka, shi kake karewa. Ran da likita ya fara ba ka shi ya ce akwai mutane ƙalilan, ƙalilan ƙwarai, da yakan taɓa musu ƙoda, in an ga kumburi ko fitsari ya canza a dawo da wuri. Kai daga bayanin nan "za a canza magani" kawai ka riƙe. Kana ganin ranar da suka ga ƙafarka za su karɓe ƙwayar, muryoyin su dawo da kayansu, ni kuma in haɗa nawa.

Ka tuna safiyar nan a kicin, bayan maganin ya fara kama jikinka? Kana riƙe da kofi, ka tsaya cak, fuskarka ta canza. Ka ce, "Ke ma kin ji?" Na kasa kunne. Famfo ne yake ɗiga. Na ce na ji, famfon da na yi wata da watanni ina cewa a gyara ne. Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa, ka ce ashe haka gidanmu yake da shiru. Ni kuma na juya wa tukunya fuska na yi kukana. Har gobe ban bari an gyara famfon nan ba. Kana zaton wadda ta ga wannan safiya za ta yarda a maida ka inda ka fito?

Shekaranjiya da na ce maka zan je kasuwa, asibiti na je. Da yake ba ka ɗaukuwa a jaka, wandonka na ɗauka, mai furannin. Likita ya ɗaga shi sama, ya duba, ya tambaye ni yaushe ka ƙara tsawo. Sannan ya daina dariya. Ya ce shi ba ya auna wando, jini da fitsari yake so, kuma mai su ya kawo su da kansa. Ya ce watakila ma ba maganin ba ne. In kuma shi ne, a hankali ake ragewa ko a sauya, ana lura da kai, ba wanda zai sallame ka hannu rabbana. Abu biyu ya hana: ka daina sha da kanka, ko ka ci gaba da ɓoyewa. Ya ce ƙoda ba ta son jira. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Shi ya sa na taɓa babban almakashinka, wanda ka ce ko inuwata kar ta faɗa kansa. Duk wandunanka na datse su. Na yi musu kalmasa da hannuna, ka kuwa san ɗinkina. Wata ƙafar ta fi wata, amma kowacce ta bar idon sawu a fili. Na goge wanda ya fi dama-dama, yana rataye a bayan ƙofa. Gobe da safe tare za mu fita. In ka ji kunyar mutane su ga aikina a jikin tela, to ka ɗaga ƙafa mu isa da wuri.

Ya sanyin raina, in ma an canza maganin muryoyin suka leƙo, za su tarar da ni a gida, kuma ka san na fi su baki. Duk abin da ka ji, ka juyo ka tambaye ni ko ni ma na ji. Zan faɗa maka gaskiya, yau da gobe, har mu tsufa famfon nan yana ɗiga.

Taka, da shiru da hayaniya,
Matarka, wadda ba ta iya ɗinki ba