Taɓaryar da na buge ka da ita

Zuwa ga maigidana, Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na fita takaba makon jiya, shi ya sa na zauna rubuta maka.

Fanka ce ta gaya mini. Tun hantsi aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwarmu ta Zariya, ina tsakar gida ina daka, sai na ji fankar ɗakinmu ta fara juyi. Har na ce alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba na tuna kana ɗakin Inna, bisa durom, da wayar kuran a hannu.

Ɗakin da ka gina wa mahaifiyarka ne, don ta baro Tsibiri ta zauna da mu. Idonta ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Ka ce ba za ta riƙa lalube daga ƙofa zuwa gado ba. Ampul ɗaya, wato ƙwan fitila, makunni biyu: ta kunna a bakin ƙofa, ta kashe daga shimfiɗarta. A wani gida a Jiratawa ka koyo aikin. Ka zana mini shi a ƙasa da tsinke, waya biyu tsakanin makunnan, kana murna kamar kai ka ƙirƙiro shi.

Ba ka sauke babban makunnin jikin mita ba. Duk masu aikinku haka suke, in an ɗauke sai su ce dama ta samu. Kai ma cewa kake, "Waɗannan in sun ɗauke da hantsi sai magariba." Ran nan da la'asar suka maido. Ka yi alwala ke nan, ƙafarka da lema, ka ce saura waya guda ka ɗaure.

Na same ka a sandare, yatsunka sun damƙe wayar, haƙoranka a cije, durom yana kaɗawa ƙarƙashinka. Ɗakin yana ƙaurin fata. Kai ka koya mini tun ina amarya: wanda kuran ya kama ba a taɓa shi da hannu, da busasshen icce ake raba su. Taɓarya ce a hannuna. Na buga maka a dantse, ba ka saki ba. Na sake, na ji ƙashi ya ɓalle. Na uku a haƙarƙari, da duk ƙarfina, sannan ka faɗo, kanka ya daki bakin ƙofa. Mita tana nan zaure, taku goma. Wallahi ban tuna da ita ba sai da kake kwance.

Shekara goma sha ɗaya ko yatsa ba ka taɓa ɗaga mini ba, ni kuwa abin da na yi maka na ƙarshe ke nan.

Yaya Sani, ɗan'uwanka, shi ya yi maka wankan gawa. Ya ga hannu a karye, ya ga shatar icce a gefenka. Magana ta riga ni isa Tsibiri. Ran addu'ar bakwai na durƙusa gaida Inna, ta janye ƙafarta. Ta aiko an ɗauki Nana wai ta kwana biyu wurinta, yau wata huɗu.

Likita ya ce kuran ne ya tsayar da zuciyarka tun kafin ka faɗo. Ina maimaita wa kaina wannan. Wata rana in yarda, wata rana in ji ƙarar ƙashin nan cikin kunnena ina tsakiyar salla. Na daina daka, inji nake kai hatsi.

Ka yafe mini, Baban Nana. Da hannu na so in riƙe ka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka ji ya zama kankarar zunubi, Ya sanyaya zuciyar Inna a kaina.

Ba ta taɓa jin labarin daga bakina ba. Sau biyu ina hawa kabu-kabu zuwa Tsibiri, ina sauka a hanya. Har yau ban zauna gabanta na faɗa mata sau uku na buge ka ba, kuma ban ɗauko Nana ba.

Matarka,
Rabi