Ruwan Butar Baba

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Inna na gaishe ki.

Kin san Kawu ya dage sai an rushe shagon ɗinkin Baba na ƙofar gida, wai ba mai shigarsa sai gizo-gizo. To, kamfaninmu na neman ɗakin da za a kafa na'urorin intanet na unguwa, ni kuwa na nuna musu shi. Kawu ya ce in sun karɓa ya haƙura.

Na fitar da keken ɗinkin, na toshe yoyon rufi, na ɗaga daɓe saboda ruwa. Tagar da Baba ke zama kusa da ita na sa mata fanka, don na'ura ma tana son iska. Wani lokaci ina shafe bango sai in ji kamar ƙarar keken a bayana, in ƙi waiwayawa don kada ta tsaya.

Saura abu ɗaya, shi ya hana ni sukuni. Dole a kafa sandar tagulla a ƙasa mai laima, don in tsawa ta faɗo ta bi ta nan ta wuce. Duk inda na gwada, ƙasar ta bushe ƙamas, awon da ake yi wa sandar ya ƙi fita daidai. Injiniya ya ce in ba a dace ba za su nemi wani wuri. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina fata wannan ta same ku lafiya. Jiya da la'asar ina zaune a bayan shago, na yi tagumi, sai ga Inna da butar Baba. Ta tsiyaye ruwan a gindin dutsen da yake zama ya yi alwala, ta sake cika ta, ta ajiye. Ashe tun rasuwarsa kullum sai ta canza masa ruwa, ba wanda ya sani. Da ta gan ni sai ta hau faɗa, wai na bar takalma a hanya.

Na taɓa wurin, sanyi ƙalau, ga laima. Sai da na yi hawaye, Yaya. Nan na kafa sandar, ta shige kamar dama ita ake jira. Injiniya ya auna, ya sake aunawa, ya ce a kawo kaya.

Yanzu ƙananan korayen fitilu ke ƙiftawa inda keken yake a da. In kin kira Inna, ta ɗakin Baba muryarki za ta biyo. Na roƙe ta kada ta daina canza ruwan nan. Ta harare ni, ta ce dama ba don ni take yi ba.

A shafa min kan yara.

Naki har kullum,
Auta