Ranar da Hatim Ya Diro Daga Sama

Kudai, Makka.

Zuwa ga Yaya Mukhtaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Zainabu da yara. Yaya ciwon gwiwar? Na yi maka addu'a a Harami ranar Juma'a, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. 'Yata Tahani ta fara aiki a asibiti, ni kuwa har yau ban saba da benen nan na Kudai ba. Tun da aka rushe mana gida a Nakkasa, maƙwabci sai dai ku haɗu a matakala ku gaisa a tsaye.

Yaya, maganar Hatim, ɗana kuma ɗanka, ce ta sa na zaɓi takarda, don na san in na kira waya ba za ka bari in kai aya ba. Ka tuna bara na kawo maka ƙararsa cewa yana dirowa daga jirgin sama da laima, ka ce ya bari, ya kuwa bari. Bai yi musu ba, amma ya koma kamar wanda aka zare wa laka. Da ya gama hidimar alhazai a Mina, sai ya roƙe ni in raka shi wasu tsibirai a ƙasar Filifin, inda masu wannan abin suke karɓar baƙi, in gani da idona. Ya ce ba zai hau jirgin ba sai na ce ya hau, in kuma na ce a'a, zai sayar da laimar a rufe maganar.

Ni da na girma tsakanin baƙaƙen duwatsun Makka, ban san Allah ya yi ruwa mai irin wannan launi ba. Kana cikin jirgin ruwa kana ganin rairayin ƙasan teku, tsibirai kuma sai ɓullowa suke yi, kowanne kore shar. Jiri ya ɗebe ni har na yi amai, amma na ƙi rufe ido. A tsibirin farko na ɗauka zan tarar da mahaukata, sai na tarar da mutane masu natsuwa. Baƙo ba ya hawa jirgin samansu sai sun duba takardunsa, sun bincike kayansa, sannan wani ɗan gari ya zagaya da shi filin sauka a ƙafa, ya nuna masa inda wayar lantarki take da inda iska ke yi wa mutum wayo ta bayan itatuwan kwakwa. Sai na tuna marigayi Baba, yadda yake riƙe hannun sabon alhaji ya nuna masa ƙofar da zai shiga Harami da wadda zai fito. Ranar ma ba wanda ya tashi, wai iska ta yi ƙarfi. Suka zauna suna shan shayi har la'asar, ba mai gardama.

Muka sake bin ruwa zuwa tsibiri na biyu, nan ma aka yi masa irin wancan binciken daga farko. Da safe na ga masu shirin tashi kowa yana juya wa ɗan'uwansa baya. Hatim ya ce akwai wani ɗan ƙarfe kamar basilla da ke riƙe bakin jakar laimar, kuma ba mai iya ganin bayansa, dole wani ya duba maka. Wata siririyar mata da ko sunanta bai sani ba ta duba nasa a tsanake, ta daddanna jakar, ta ɗan buga masa kafaɗa. Daga nan ya zo gabana ya durƙusa da kayan a bayansa, kansa a ƙasa. Jirgin na jira. Yaya, maganarka tana kunnena a lokacin, amma na ɗora hannu a kan jakar na ce ya je, fi amanillah.

Jirgin bai kai motar ɗaukar alhazai girma ba. Ya yi ta hawa har ya koma kamar shirwa, sannan na daina ganinsa. Can sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna faɗowa, ba ƙara, ba abin da ke riƙe da su, kuma ɗaya daga cikinsu ɗan da na goya ne. Sai na ji kamar ana kakkaɓe zannuwan gado a sama, laimomi suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ja da shuɗi da rawaya, suna lilo a kan teku. Ban san lokacin da bakina ya kama talbiya ba, ni da ban yi niyyar Umara ba. Ban taɓa jin girman Allah ya danne ni haka ba sai a Arfa. Da ya taka ƙasa ya nufo ni yana janye da laimar, yana dariya, hawaye na zuba. Hausar ta ƙwace masa, sai da Larabci ya gaya mini cewa daga can sama tsibirin gaba ɗaya bai fi faifai ba.

Mun dawo lafiya. Laimar tana kan kabad ɗina, Hatim ya ce izinina na wannan karon ne kawai, ba zai sake taɓa ta ba sai ka yi magana. Ba zan ɓoye maka ba, tsoron bai bar ni ba, kuma na san ba zai bar ni ba. Amma na ga fuskar yaron nan da ya sauko, rabona da ganinta haka tun mahaifinsa na da rai. Ka sake shi, Yaya. Zaman jiran saukowarsa ni zan yi shi.

Ka gaida Yaya Zainabu da kyau, da Usama da Hanan da jaririnta. Tahani tana gaishe ku, Hatim ma ya ce in miƙa gaisuwarsa ga Kawu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi